Hotunan bikin dare sun lalace mini, in sayar da babur in sauya kyamara?

Assalamu alaikum. Ni matashi ne mai sana'ar ɗaukar hoto a nan cikin garin Katsina, shekarata biyu da farawa. Aikina na rana yana kyau, har ana yaba mini. Makon jiya aka ba ni aikin biki a wajen Ƙofar Ƙaura, zaman cin abinci ne bayan isha'i, a tsakar gida, ƙarƙashin rumfar kanofi mai ja da kore. Muna tsakiyar ɗauka aka ɗauke wuta, aka tada janareta. Da na koma shago na buɗe hotunan a kwamfuta, sai na ji kamar ƙasa ta tsage in shige. Wasu sun girgiza, fuska bibbiyu. Wasu amarya ta yi fari fat kamar an watsa mata gari, bayanta baƙi ƙirin. Wasu kuma cike suke da fararen ɗigo masu zagaye suna yawo a iska, har wata tsohuwa ta ce mutanen ɓoye ne suka zo biki. Ango farar shadda ya sa, rigar ta fito, fuskarsa ta ɓace. Yayar amarya da ta ba ni aikin ta riƙe cikon kuɗina, ba ta ɗaga wayata. Canon 700D gare ni, da gilashi biyu, 18-55 da 50 mai f/1.8, sai filasha ɗaya da nake ɗorawa a kan kyamarar. Nan da mako uku ina da wani bikin na dare a Daura. Abokaina sun ce in sayar da babur ɗina in sayi babbar kyamara. Ku ba ni shawara, don Allah.

Mai hoto, daga Katsina

Wa alaikumus salam, ɗan'uwa. Allah ya sa wa sana'a albarka.

Bar babur ɗinka inda yake. Cikin duk abin da ka lissafa babu ko ɗaya da sabuwar kyamara za ta warkar. Da za a miƙa maka mafi tsadar kyamara a kasuwa, ka ɗora mata filasha a ka, ka tsaya a wannan tsakar gidan cikin hunturu, fararen ɗigon nan za ka sake gani, sai dai su fito tas fiye da na da. Ciwon yana wajen haske ne: inda ka ajiye shi, da kuma barin da ka yi wa kyamara ta yanke maka hukunci a kansa.

Abin da za ka riƙe kafin komai shi ne, duk hoton dare da aka ɗauka da filasha hoto biyu ne aka haɗa a firam ɗaya. Na farko hasken wurin ne ya zana shi, wato ƙwayayen lantarki, fitilun ado, fitilar titi. Na biyu filasha ce ta zana shi, cikin walƙawar da sau da yawa ba ta kai kashi ɗaya cikin dubu na sakan ba. Kowanne da linzaminsa. Saurin shota, wato tsawon lokacin da labulen cikin kyamara ke buɗe don haske ya shiga, yana taɓa na farko kaɗai, domin ko shota ta daɗe a buɗe ko ba ta daɗe ba, filasha ta riga ta walƙa ta gama. Ƙarfin filasha da nisanta daga mutum suna taɓa na biyu kaɗai. Ƙofar haske, wato lambar f, da ISO, wato ƙarfin jin haske na kyamara, su ne ke taɓa duka biyun.

Da wannan za ka gane abin da ya same ka. Waɗanda suka girgiza, kusan tabbas a kan Av ka ɗauke su, wato tsarin da kai ke zaɓar lambar f, kyamara ta zaɓi saurin shota. Kyamarorin Canon idan suna kan Av cikin duhu, ko da filasha a kunne, suna jan shota don su fito da baya, har ta kai kwata ko rabin sakan. Filasha ta kafe fuska sau ɗaya, hasken janareta ya sake zana ta tana motsi, shi ne fuska bibbiyun. Waɗanda bayansu ya yi baƙi ƙirin kuwa, a kan P ko koren akwatin nan ka ɗauke su, inda kyamara ke zaɓar saiti da kanta. A can shota ba ta sauka ƙasa da 1/60 na sakan, ISO kuma ba ya hawa yadda ya kamata, sai filasha ta ɗauki nauyin hoton ita kaɗai, ta daki abin da ke kusa, ta bar sauran cikin duhu.

Saboda haka da dare M za ka koma, wato tsarin da kai ke saita komai da hannunka, kyamara da filasha duka. Ka cire 18-55 ka sa 50. Gilashin 18-55 idan ka zuƙo shi ƙarshe f/5.6 yake tsayawa, na 50 kuma yana buɗewa har f/1.8, hasken da yake shigarwa ya kusa ninki goma. Amma kada ka buɗe shi duka. A kan kyamararka, idan mutum yana nisan mita 2, abin da zai fito tas a f/1.8 bai wuce santimita 11 ba, ko taƙi ɗaya bai cika ba. Amarya ta ɗan sunkuyar da kai, ko kai ka ɗan ja numfashi, fokas ya bar ido ya koma kan ɗaurin kallabi. Ka tsaya a f/2.8 idan mutum ɗaya ne, f/4 idan ango da amarya ne.

Tsarin shi ne ka kashe filasha tukuna. Ka sa f/2.8, ISO 800, shota 1/50, ka ɗauki wurin babu kowa. Abin da kake nema shi ne baya ya fito, fitilu da rumfa da bango a gan su, amma da ɗan duhu, kamar yadda ido ke ganin dare. Idan ya yi duhu da yawa ka kai ISO 1600, kyamararka tana ɗaukar wannan ba tare da hoton ya yi yashi mai muni ba. Sai baya ya zauna sannan ka kunna filasha, ka fara daga ƙasa, ka riƙa ƙarawa har fuska ta fito. Daga nan, idan fuska ce ba ta yi ba, filasha za ka taɓa. Idan baya ne, shota. Kada ka wuce 1/200, nan ne iyakar da kyamararka ke iya tafiya tare da filasha. Idan tiriga, wato na'urar da ke kunna filasha daga nesa, marar wayo ce kuma ka wuce, baƙin layi zai cinye gefen hoton, domin labulen shota bai gama buɗewa ba filasha ta walƙa.

Ba banza muka ce 1/50 ba maimakon 1/60 da za ka ji a bidiyon Amurkawa. Wutarsu tana juyawa sau 60 a sakan, tamu a Najeriya sau 50. Ƙwan fitila mai araha yana ƙiftawa sau 100 a kowane sakan, ido ba ya gani amma kyamara tana gani. Idan shota tana 1/50 ko 1/100 tana kwashe ƙiftawar cikakkiya, hotuna su fito iri ɗaya. Idan ta fi haka sauri, sai ka ga wannan ya yi haske, na bayansa ya yi duhu ko ya yi kore, alhali ba ka taɓa komai ba. Ƙaramin janareta ya fi ɓarna, domin juyinsa yana hawa yana sauka, musamman idan aka jona masa firji ko manyan lasifikoki. Da an koma kan janareta, ka sake ɗaukar gwaji, kada ka ɗauka saitin ɗazu yana nan.

Yanzu mutanen ɓoyen tsohuwa. Ƙura ce. Daga Disamba zuwa Fabrairu iskar Katsina cike take da ita, ga kuma ƙafafun 'yan biki suna tada ta tsakar gida. Filasha tana zaune yatsu kaɗan a saman gilashi, to duk ƙwayar ƙurar da ke yawo dab da bakin gilashin hasken zai daka da ƙarfi, ya dawo kai tsaye. Da yake ƙurar ba ta cikin fokas, sai ta fito babba, fara, mai zagaye. Goge gilashi ba zai hana ba, tunda ba a jikinsa take ba. Maganin ɗaya ne, hasken ya daina bi ta gaban gilashi. Ka sauke filasha daga kan kyamara, ka kai ta gefe. Sannan ka roƙi masu gida a yayyafa ruwa a tsakar gidan rabin awa kafin zama, kamar yadda ake yi kafin shara. Da damina ƙwari ne ke maye gurbin ƙura, suna bin fitila. A lokacin sai ka nisanta mutane daga ƙwan da ya fi haske, ko a kunna wani can nesa ya janye su.

Sauke filashar nan shi ne abin da ya kamata ka kashe wa kuɗi, kuma bai kai kuɗin babur ba ko kusa. Tiriga guda da ta dace da filasharka, ɗaya a kan kyamara ɗaya a gindin filasha idan ba ta da nata mai karɓa a ciki. Sanda mai ƙafa uku da ke miƙewa mita 2 ko fiye. Mariƙin da ke haɗa filasha da lema. Farar lema irin wadda haske ke ratsawa, mai faɗin kamar santimita 85 zuwa 100. Kamfanoni irin su Godox da Yongnuo suna yin waɗannan, masu sayar da kayan hoto sun san su. Ka tafi da kyamararka da filasharka a gwada a gabanka kafin ka biya, domin ba kowace tiriga ce ke magana da kowace filasha ba.

Ka dasa lemar a gefe, tsakanin gaban mutum da kafaɗarsa, nisan mita ɗaya da rabi, ta ɗan fi kansa tsayi tana kallon ƙasa. Da ISO 800 da f/2.8, ka fara da ƙarfin 1/64, wato kashi ɗaya cikin 64 na cikakken ƙarfin filasha, idan bai isa ba 1/32. Ka dubi inuwar hanci. Idan ta sauka ta taɓa leɓe, lemar ta yi sama da yawa. Idan idanu sun zurma babu ɗigon haske a cikinsu, haka nan. Wannan ya fi faruwa da amare, domin ɗaurin kallabi da mayafi suna yi wa goshi rumfa, ga kuma kunya, kai a sunkuye. Wuri ne na kara da kunya, ba za ka tsaya gaban iyaye kana cewa amarya ta ɗago ta kalle ka ba. Ka sauke lemar zuwa daidai fuskarta, kai ma ka durƙusa, ka sa babbar ƙawa ta tsaya bayanka ta yi mata magana. Za ta ɗago ido ta dubi ƙawarta, abin da ba za ta yi maka ba, a nan za ka danna.

Wannan sauyin shi kaɗai zai kawar da abubuwa uku da ba ka ma ambata ba. Jan ido, wanda ke zuwa saboda ƙwayar ido tana buɗewa cikin duhu, haske ya shiga ya dawo ta hanyar da ya bi. Walƙiyar tabarau. Da ƙyallin goshi da hanci. Fatarmu tana mayar da haske kamar madubi idan ta sha mai ko ta yi gumi, kuma iya ƙanƙantar fitila iya zafin ƙyallin. Kan filasha bai fi tafin hannu ba, lema kuwa ta kai faifai uku, shi ya sa haskenta ke kwanciya a fata. Duk da haka ka riƙe tishu a aljihu, ka miƙa wa ango ya danna a goshi, kada ya goga. Amarya kuma mai kwalliya ta ƙara mata hoda kafin a fara, ba bayan an yi rabi ba.

Lema da iskar hunturu ba sa shiri. Ko dai buhun yashi a ƙafar sandar, ko yaro ya riƙe. Mun fi son yaro, domin hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka, kuma yaron nan zai yi maka wani aikin da ya fi wannan, wato riƙe tocila.

Kyamara tana neman fokas ne ta hanyar gane iyaka tsakanin haske da duhu. Cikin duhu babu iyakar da za ta gani, sai gilashi ya yi ta gaba da baya yana ƙugi, ko ya kama ƙwan fitilar da ke bayan mutum. Ka cire ta daga zaɓar wa kanta wuri, ka zaɓi ɗigon tsakiya, shi ya fi sauran gani a duhu. Ka sa One Shot, wato fokas mai kamawa sau ɗaya ya tsaya, domin jan hasken taimako da ke jikin filasha ko tiriga ba ya kunnuwa a kan AI Servo, wanda ke bin abu mai motsi. Ka ɗora ɗigon a kan ido, inda kwalli ya haɗu da farin ido, ba a kan kumatu ba. Idan ya ƙi, yaro ya haska tocilar waya a ƙirjin mutum, ba cikin ido ba, ka kama fokas da rabin danni, ya kawar, ka ƙarasa. Kada ka dogara da allon baya wajen fokas da dare, a wannan kyamarar ya fi jinkiri, kuma yana shan batir.

Batun farar shaddar ango. Filasha idan tana kan TTL, wato tsarin da na'ura ke zaɓar ƙarfin hasken da kanta, tana jefa ƙaramin haske kafin na gaskiya, ta auna abin da ya dawo. Farar shadda mai maiƙo tana mayar da haske da yawa, sai na'urar ta ce ya isa, ta rage, rigar ta fito daidai, fuskar ta nutse. Da amarya akasin haka ne ya faru: duhu ya kewaye ta, na'urar ta ga baƙi ya yi yawa, ta ƙara wuta, ta ƙone mata fuska. Leshi mai duwatsu ma yana ruɗa ta. A kan M babu wannan ruɗun, abin da ka sa shi za ta bayar ko wa ya tsaya. Ka auna da fuska, sannan ka kare rigar ta hanyar karkata lemar sama kaɗan, tsakiyar hasken ya sauka a kai, gefensa mai rauni ya sauka a riga. Idan dole ne ka zauna kan TTL, saboda ana rawa kana bin mutane, ka ƙara wa filasha +1 a gaban fararen kaya, ka rage -1 idan duhu ya yi yawa a firam.

Kuma kada ka yarda da idonka a kan allon kyamara. Cikin duhu allo yana haske fiye da gaskiya, hoton da ya yi duhu sai ya yi maka kyau, sai ka je shago ka ga zahiri. Ka rage hasken allon zuwa ƙasa da rabi. Idan kana duba hoto ka danna INFO har zanen nan mai kama da tsauni ya fito. Idan tsaunin duk ya manne a hagu, hoton ya yi duhu. Inda ya ƙone kuma zai riƙa ƙiftawa. Ɗan ƙiftawa a kafaɗar farar riga ba komai, a goshi ne ba a so. Duk bayan hoto goma ka zuƙo ɗaya har ido ya cika allon, ka tabbatar gashin ido ya fito.

Rumfar ja da kore ita ma ta yi nata. Wasu za su ce maka ka ɗaga kan filasha sama haske ya dawo daga rufi. A ɗakin taro mai farin silin, wanda bai wuce mita 3 ko 4 ba, shawara ce mai kyau. A ƙarƙashin kanofi mai launi, hasken zai dawo da launin tamfol ɗin ya shafa wa kowa a fuska. A fili kuma taurari kake haskawa. Idan lema ta karye ko tiriga ta ƙi, nemi farin bango a gefenka ko bayanka ka juya kan filasha can. Idan babu, yaro ya buɗe farin zane ko farin kwali a gefe. Ko mutum mai farar babbar riga ya tsaya kusa da kai, ya wadatar.

Launin fitilu kuwa, hasken filasha kusan irin na rana ne, wajen 5500 a ma'aunin Kelbin. Ƙwai mai ruwan ɗorawa yana wajen 2700 zuwa 3200. Fitilun sola da fararen ƙwayayen zamani da yawa suna kaiwa 6000 zuwa 6500, suna ɗan karkata shuɗi, marasa kyau cikinsu kuma suna kore. Idan suka haɗu a fuska ɗaya, gefe ya yi ja gefe ya yi shuɗi, kwamfuta ba ta iya raba su cikin sauƙi. Hanya mafi arha ita ce ka kashe ko ka kwance ƙwan da ke saman kan waɗanda kake ɗauka, ka bar na bayansu. Fuska ta zama ta filasha ita kaɗai, baya ya yi launin da ya ga dama, ado ne. Idan wurin duk ruwan ɗorawa ne kuma kana son su daidaita, akwai 'yar leda mai ruwan lemo da ake mannawa a bakin filasha, CTO ake ce mata, sai ka sa WB, wato saitin launin haske na kyamara, a kan alamar ƙwan fitila. Kyamararka ba ta da wurin rubuta lambar Kelbin kai tsaye, don haka kada ka ɓata lokaci kana nema. Ka cire ta daga AWB, inda take zaɓar launin da kanta, ka zaɓi alama ɗaya ka zauna a kai, kuma ka ɗauka a RAW, wato ɗanyen hoton da kyamara ba ta sarrafa ba. Da RAW za ka gyara launin hoto ɗaya, ka kwafa wa ɗari. Ka roƙi wani a hoton farko ya riƙe maka farar takarda, ita za ka auna da ita a shago.

Hoton dangi, wanda shi ne ake bugawa a rataye, yana da nasa lissafin. Haske idan nisa ya ninka, kashi ɗaya cikin huɗu yake komawa, ba rabi ba. Idan layin gaba yana mita 2 daga lema, na baya yana mita 3, na bayan ba za su samu ko rabin abin da na gaba suka samu ba. Ka ja lemar baya zuwa mita 4, na baya su koma mita 5, yanzu suna samun kusan kashi biyu cikin uku. Ka ɗaga ta sama sosai don inuwar na gaba ta faɗi ƙasa maimakon fuskar na baya, ka matso da ita kusa da inda kake tsaye. A nan za ka iya mayar da 18-55, ka tsaya wajen 24 zuwa 35, f/5.6, ISO 800 ko 1600, filasha daga 1/4 zuwa 1/2. Layi biyu, kada ya wuce uku. Masu duhun fata su fi kusa da hasken. Ka ɗauka sau uku aƙalla, wani zai rufe ido.

Amfanin ɗaga ISO da rage ƙarfin filasha ba a hoto kaɗai yake ba. A kan cikakken ƙarfi filasha tana ɗaukar sakan biyu zuwa biyar kafin ta sake cika, kuma bayan walƙawa ashirin zuwa talatin a jere tana zafi, masu kariya su kulle kansu na wasu mintuna. Ba ka son hakan ta faru lokacin da uwar amarya ta fito. A kan 1/32 kuwa za ta bi ka duk dare. Batirin tocila na kanti ba na filasha ba ne, ka nemi masu caji irin NiMH, saiti uku, guda goma sha biyu ke nan, kowane saiti a ɗaure da roba daban. Batirin kyamararka hoto ɗari huɗu da 'yan kai yake yi idan sabo ne, ka tafi da uku. Ramin memori ɗaya gare ka, to ka raba aikin a kati biyu, idan ɗaya ya lalace ba ka rasa bikin duka ba.

Idan aka ɗauke wuta kuma janareta ya ƙi tashi, kai ba ka tsaya ba, tunda fuska ta filasha ce. Abin da ka rasa baya ne. Mota ta kunna fitila daga nesa, a bayan mutanen, ba a gabansu ba, za ta zana musu layin haske a kafaɗa da mayafi, ƙurar da ta cuce ka ɗazu ma ta zama ado. Ko ƙawaye su tsaya baya su ɗaga tocilolin waya. Abin da za ka guje wa shi ne siririn koren haske ko ja da masu kiɗan dina ke harbawa, wato lesa. Idan ya shiga gilashi kai tsaye yana iya ƙona sensa, wato abin da ke karɓar hoto a cikin kyamara, ya bar layi ko ɗigon da ba ya gyaruwa, musamman lokacin bidiyo ko idan allon baya yana kunne. Mai bidiyo kuma ku yi magana tun kafin a fara, ya kashe fitilarsa na minti biyar idan za ka ɗauki na ango da amarya.

Game da Daura, ba a fafe gora ranar tafiya. Mako ukun nan, duk dare bayan isha'i ka fitar da ƙanenka ƙofar gida, ka sa masa farar riga yau, baƙa gobe, ka maimaita tsarin nan har yatsunka su san maɓallan ba tare da ka duba ba. Ranar bikin ka isa kafin la'asar, ka ga wurin da rana, ka zaɓi bangon da za ka tsayar da mutane, ka tambayi inda janareta yake. Mafi kyawun sama ita ce ta bayan faɗuwar rana, lokacin da take shuɗi mai duhu, amma a ƙasarmu ba ta daɗewa, minti ashirin da 'yan kai ne, kuma lokacin magariba ne. Ka dasa lema ka gama gwaji kafin kiran salla, da an sallame sai ɗauka, za ka samu kamar minti goma. Idan ma'auratan suna son hoto a kusa da fada ko Rijiyar Kusugu, ka nemi izinin masu kula da wurin tun da rana, kada ka fito da filasha da dare kusa da fada ko shingen jami'an tsaro ba tare da an san da kai ba. Tsakanin Daura da Katsina kimanin kilomita 80 ne, ka shirya kwana, kada ka hau hanya tsakar dare da jarinka a baya.

Saura Hajiya, yayar amarya, da cikon kuɗinka. Ka daina kiran waya, zuwa da kai ya fi aike. Kafin ka je, ka zauna ka tace hotunan. Waɗanda suka girgiza ka cire su, babu manhajar da za ta mayar da fuska bibbiyu ɗaya yadda za a yarda da ita. Waɗanda suka yi duhu, idan RAW ne za su ɗagu da mataki ɗaya zuwa biyu, idan JPEG ne kaɗan za su ɗauka kafin su yi yashi. Masu ɗigon ƙura, idan ɗigon bai hau fuska ba, ana goge shi ɗaya bayan ɗaya. Masu launin rumfa ka mayar da su baƙi da fari, sau da yawa sun fi kyau a haka. Kada ka goge fatar amarya har ta zama roba, kada kuma ka ƙara mata fari don rufe laifi, danginta sun san fuskar 'yarsu. Hoto arba'in masu kyau sun fi ɗari uku da ake buɗewa ana tsaki.

Ka buga guda biyar mafiya kyau a takarda, ka tafi da wani babba da take jin nauyinsa. Ka gaishe ta, ka ce, Hajiya, laifina ne, ban shirya wa dare yadda ya kamata ba. Kada ka ambaci wuta, ko ƙura, ko rumfa, duk da gaskiya ne, a kunnenta uzuri ne. Kada ka tada zancen ciko. Ka ce idan ango ya amince, za ka zo gidan amarya a ranar da suka zaɓa, ta sa kayan da ta sa a daren, shi ma ya sa shaddarsa, ka sake ɗaukar su kyauta, kuɗin mai kwalliya a wuyanka idan za ka iya. Ka sa ranar bayan ka yi mako guda kana gwaji da lemar, kuma ka fara da la'asar sakaliya, don ka samu na rana a hannu kafin ka shiga na dare. Idan ta biya cikon bayan nan, ka karɓa ka yi godiya. Idan ta rage, ka bar mata. Ko ɗaya daga cikin hotunan, na da ko na yanzu, kada ya hau shafinka na Instagram ko Facebook sai ango ya faɗa da bakinsa.